Gawar Ciyawa

Harke maƙeri ne, ɗan maƙeri, kuma a ƙauyen Simalbote gidan maƙeri shi ne na ƙarshe, can gangare inda gonakin tamba suka ƙare hanyar kogi ta fara. Shi yake ƙera laujen kowa da garmar kowa, amma bai taɓa tsallaka dokin ƙofar kowa ba. In ya je masaukin Sahuji Khadka shan shayi, a waje yake tsugunawa, a tsiyaya masa daga sama cikin kofinsa da ake kifewa a kan katanga, ya sha, ya wanke abinsa. Kami ne, zuriyar maƙera da ake ƙyamar taɓawa, a haka aka haife shi, kuma ya daɗe da daina jin zafin abin.

Ɗansa Ratne ne abin bai daina yi wa zafi ba. Tun yana saurayi ya jefar da masaba ya shiga dakon kayan Turawan da ke zuwa yawon ƙafa a duwatsu. A hankali ya tsinci Turanci a bakinsu, har labari ya iso cewa yanzu ba ya ɗaukar kaya, shi ne jagora, yana gaba suna biye. Yakan bugo waya jefi-jefi, amma shekaru suka shuɗe bai taka ƙauyen ba.

A kakar da ake magana, damina ta zaftare hanyar sama, dole ayarin baƙi suka riƙa biyowa ta Simalbote. Wata safiya Sahuji yana tsiyaya wa Harke shayi ya ce, "Kai Harke, gobe ɗanka zai sauka a nan da Turawansa. Ka wanke fuska, kada ka tsorata baƙi."

Harke bai ko ƙarasa shayin ba ya gangara gida da sauri.

"Uwar Ratne! Kama jan zakaran nan."

Suntali, matarsa, ta fito hannunta duk kashin ɓauna. Da ta ji labarin sai ta zauna a ƙasa tana dariya tana share hawaye da gefen hannu. Washegari tun da safe ta shafe daɓen ɗaki da jar ƙasa, ta dafa zakaran da citta da barkono yadda yaron yake so, ta saka 'yan kunnenta na biki.

Bayan rana ta karkata ayarin ya ɓullo. 'Yan dako ne a gaba, kwanduna a baya, igiya a goshi. Sai Turawa, jajaye, kowanne da sanduna biyu kamar mai ciwon ƙafa. A tsakiyarsu ga Ratne, ya yi ƙiba, sanye da jar riga mai kauri da baƙin tabarau. Hanyar ta gaban maƙera take wucewa. Harke ya ajiye awartaki ya fito da gudu.

"Ratne! Ratne, ɗana!"

Ratne ya tsaya cak. Murmushin da ke fuskarsa bai gushe ba, kuma da wannan murmushin ya matso ya yi magana ƙasa-ƙasa, haƙora a dantse, ya kira shi Ba, wato uba, yadda ya saba.

"Ba, kada ka ƙara kiran sunan nan. Dorje nake a nan. Koma ka zauna ka yi ƙira, hoto suke so."

Dorje sunan Sherpa ne, ƙabilar kan duwatsu da aka sani da jagorancin Turawa, wadda ba a hana ta shiga gidan kowa, amma Harke ya zaci wata ƙa'ida ce ta aiki. Ya koma ya zauna, Suntali ta kama zugazugi idonta na kan ɗanta, shi kuma ya daki ƙarfe da ƙarfi don yaron ya fita kunya. Turawa suka kewaye su suna ɗaukar hoto. Wata dattijuwa mai farin gashi ta tambayi Ratne wani abu tana nuna Harke. Ya ba ta amsa doguwa, yana girgiza kai. Dattijuwar ta dafe ƙirji, idonta ya ciko, ta ciro alewa ta danƙa wa Harke a hannu kamar yadda ake yi wa yaro. Ayarin ya haura masauki.

Da yamma suka bi su da tukunyar naman. Harke ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ta ƙofa ya hango ɗansa zaune a cikin madafin Sahuji, a bakin murhu, matar Sahuji da kanta tana zuba masa shinkafa. Ita ce ta tare Suntali.

"Ke, ina za ki da wannan? Tukunyar Kami a ƙofata? Ja baya."

"Na ɗana ne, Yaya. Ga shi can."

"Ban ga ɗanki a nan ba. Sherpa na gani, mai kawo mana baƙi."

Ratne bai ɗago kai daga kwanonsa ba.

A bayan masaukin akwai wani mutum yana feraye dankali, Mingma, mai dafa wa ayarin abinci. Shi Sherpa ne na gaske, ya girmi Ratne, ya kuma riga shi shiga aikin, amma Turancinsa bai kai ba, aka bar shi a kan tukunya. Ya yafuto Harke da wuƙar hannunsa.

"Tsoho, ka san abin da yallaɓai Dorje ya gaya wa Baturiyar nan a kanka?"

"Ya ce ni ne ubansa ko?"

Mingma ya yi dariya har ya tofar da yawu. "Cewa ya yi kai ne mahaukacin garin. Wai ɗanka ɗan dako ne, ƙanƙara ta binne shi ba a ga gawa ba, tun daga nan duk wanda ya wuce sai ka kira shi ɗanka. Matar har kuka ta yi. Kawo naman nan mu ci, kada ya huce a banza."

Suntali ta saki tukunyar. 'Yan dako suka tsince abin da za a iya tsinta, kare ya lashe saura.

Kafin duhu ya sauko Harke ya tare ɗansa a bayan turken ɓauna, inda ya fito wanke hannu.

"Gaskiya ne ka ce ka mutu?"

"Abin da ya zo bakina ke nan, Ba. Kai ma wa ya ce ka fito kana ihu?"

"Uwarka tun jiya ba ta zauna ba."

"To me kake so in yi? In ce musu ni ɗan Kami ne? Duk masaukan da ke kan hanyar nan a waje za su riƙa ba ni abinci, a gaban baƙina. Kai ka saba tsugunawa a bakin ƙofa kamar kare, ni ba zan koma ba." Ya yarfe ruwan hannunsa. "Gobe da safe za mu wuce ta gada. Ka riƙe uwata a ɗaki, don Allah. Kuma ka matsa, warin gawayi kake."

Harke ya matsa ya ba shi hanya.

Gari na wayewa ya aika aka kira surukinsa Dalle, mijin 'yarsa, domin a wurin Kami suruki ne ke yi musu hidimar mamaci. Ya yanko ciyawar tsarki ya ɗaure ta, ya yi mata kai da hannuwa da ƙafafu, kamar yadda ake yi idan mutum ya mutu a nesa ba a sami gawarsa ba. Ya buɗe akwatin Suntali ya ciro tsohuwar rigar makarantar Ratne. Ta yi tsalle ta riƙe rigar.

"Uban Ratne, ka ji tsoron abin da kake bauta wa. Yaron nan yana numfashi!"

"Da bakinsa ya faɗa. Ni wane ne da zan ƙaryata jagoran Turawa?"

Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya tura ta ta faɗi kan dutsen niƙa. Dalle ya dubi fuskar tsohon, ya ɗauki itace.

Wurin ƙona gawar Kami yana gindin gadar lilo, ƙasa da na sauran mutane. Harke ya jera itacen, ya kwantar da gawar ciyawar sanye da rigar, ya jira. Sai da ya ji ƙarar sanduna a kan duwatsu sannan ya cinna wuta.

Turawa suka tsaya. Abin da ba su yi tsammanin samu a tafiyar ba ke nan, nan da nan kowa ya ciro abin ɗaukar hoto. Dattijuwar nan ta gane Harke, ta kama hannun Ratne tana tambaya.

Harke ya ɗaga murya yadda har masu yankan ciyawa a tsallaken kogi za su ji.

"Yallaɓai Dorje! Gaya musu jiya ka warkar da ni, na yarda ɗana ya mutu. Gaya musu sunan mamacin Ratne. Faɗi a hankali, su riƙe shi daidai."

Mingma ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya gimtse. Ratne ya cire tabarau ya mayar. Turawa duk sun zuba masa ido suna jiran bayani, domin aikinsa ke nan. Ya buɗe baki ya yi musu bayani. Harke bai ji Turancin ba, amma ya ji sunan ya fito daga bakin mai shi, a tsakiyar maganar, kuma ya ji muryar ta karye a wurin. Wani dogon Bature ya miƙa wa Ratne abin hotonsa, ya je ya tsaya kusa da wutar, ya sunkuyar da kai. Ratne ya ɗauke shi hoto.

Lokacin ne Suntali ta gangaro da gudu, kai ba ɗankwali, goshinta a kumbure. Ta cafke jar rigar da hannu biyu.

"Ratne, ce musu kana raye. Kalma ɗaya, ɗana. Ka faɗa da harshenmu ma ya isa, ba sai da nasu ba. Ubanka zai kashe wutar."

Harke ya tsaya da sandar tona wuta a hannu. Da yaron ya faɗi kalmar, da ya watsa itacen cikin kogi, ya san haka har cikin ransa. Ratne ya dubi uwarsa, ya dubi baƙinsa. Ya zare hannuwanta daga rigar a hankali, kamar mai lallashin marar hankali, ya ce wa Turawa wani abu, suka gyaɗa kai cikin tausayi. Ya hau gada. Suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, gadar tana lilo.

Harke ya tona wutar har ta cinye komai, ya share tokar cikin ruwa. Ya yi kwanakin makoki cikakku, bai ci gishiri ba, bai taɓa ƙarfe ba. Suntali ba ta taya shi ba. Ranar da makokin ya ƙare ta ɗaure kayanta ta tafi gidan wanta a wani kwari, kuma duk aiken da ya yi ba ta dawo ba. Ya koyi jan zugazugi da hannu ɗaya yana riƙe da awartaki da ɗayan.

Mingma kuwa bai bar labarin ya kwana a cikinsa ba. Ya ba da shi a kowane madafi da suka sauka. Kafin kaka ta zagayo, wata mai masauki ta fito wa Ratne da kwanonsa waje a gaban baƙinsa, ta ce ya wanke in ya gama. Bai ƙarasa wannan tafiyar ba. Daga baya aka ji yana ƙasar Larabawa yana aikin gini.

Bayan wasu shekaru tari ya kwantar da Harke. Da ya ga ba tashi zai yi ba, ya kira Dalle.

"Nemo mini shi. Ɗa ne ke sa wa uba wuta, ba suruki ba."

Dalle ya sha wahala kafin ya sami lambar. Ya buɗe muryar wayar ya ajiye a kan tabarma kusa da kunnen tsohon. Aka ɗauka, ana jin ƙarar injuna a can.

"Ratne," in ji Harke. "Ni ne. Na kusa. Ka zo."



"Baba, ka yi kuskuren lamba," in ji muryar. "Wanda kake nema ya daɗe da mutuwa. Ina wurin, har hoto na ɗauka."

Wayar ta katse. Dalle ya sake bugawa, ba a ɗauka ba. Harke ya ce ya bari. Ya nemi a juya shi ya fuskanci bango, ya ce wa surukin ya je ya fara tara itace tun hadari bai haɗo ba.