Iskar Bakin Mai Agogo

Mai Agogo ya ja takunkumin fuskarsa zuwa haɓarsa, don numfashinsa na dusashe masa tabarau, shi kuwa so yake ya ga abin da kyau. 'Yarsa Auta na tsaye cikin farar rigar ɗakin bincike, tana nuna masa wani ɗan faranti da bai kai farce ba, a cikin wata na'ura mai murfin gilashi.

"Baba, ka ga ɗan hannun nan da ke samansa? Allura ce a bakinsa, gashi ma gungume ne a kusa da tsininta. Ita ke dangwala ƙananan ramuka a farantin. Inda rami, inda babu rami, shi ne rubutun. In ta dawo tana laluben wurin kamar mai tafiya cikin duhu, sai ta karanto shi."

"Littattafan gidanmu duka za su shiga nan?"

"Har da na maƙwabta, da sauran wuri."

Yau da la'asar malamanta za su zo su ga allurar ta karanta abin da ta yi watanni tana rubutawa. In ta karanta, Auta ta gama karatu. In ta kasa, sai baɗi. Ita ta roƙi Farfesa a bar mahaifinta ya shigo, don a shagonsa ta fara son ƙananan abubuwa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, ta juya, murfin gilashin a buɗe. Mai Agogo ya sunkuya. Sai ya ga kamar ɗigon ƙura a gefen farantin. Tun yana saurayi bai taɓa buɗe agogo bai hura cikinsa ba. Bakinsa ya riga tunaninsa.

Fuu.

A allon kwamfuta, jerin ramukan nan masu tsari suka koma tsaunuka da tafkuna. Na ɗan lokaci abin ya burge shi, wai duk wannan ƙasar daga cikin bakinsa ta fito. Sannan ya ga fuskar Auta.

Farfesa ne ya shigo. Ya duba allon, ya leƙa na'urar.

"Tsinin ya karye, farantin ya jiƙe. Me ya faru?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Na bar murfin a buɗe."

Farfesa ya kalli takunkumin da ke haɓar tsohon, ya kawar da ido.

"Sannu da zuwa, Baba," ya ce a hankali.

Da marinsa ya yi, da ya fi sauƙi. Mai Agogo ya mayar da takunkumin, ya so a ce ya rufe har goshinsa.

Aka sallami malaman ta waya. Uba da 'ya suka fito tashar bas. Ya tsaya ɗan nesa da ita, yana ta gyara agogon hannunsa wanda babu abin da ya same shi. Wata babbar mota ta wuce ta watso musu yashi. Auta ta dafe ido.

"Wash! Baba, hura min."

Ya ɓoye hannuwansa a baya. "Da wannan bakin, Auta?"

"To na wa zan aro, na direba?"

Ya matso. Ya buɗe mata fatar idon da babban yatsa kamar yadda yake yi tana ƙarama, ya hura a hankali. Ya ga tsakuwar ta fita, amma hawayen bai tsaya ba.

"Ta fita?"

"Da saura," in ji ta.

Ya sake hurawa. Bas ɗinsu ta zo ta wuce.