Bindigar Iskar Maiwada

Sirajo tela ne a Korgom, shekarunsa hamsin da ɗoriya, kuma babban abin da ya taɓa kashewa a duniya kyankyaso ne, shi ma da takalmi. Amma ɗan mahalba ne. Kakansa ya yi suna a dajin da yanzu ya koma gonakin gero da wake. Ubansa Maiwada ya gaji sunan da ƴan layu, dajin ne dai bai gada ba. Adakar gidan, wadda ake ɗura wa albarushi, ta daɗe da fashewa. Da Maiwada ya rasu, abin da aka tarar rataye a ɗakinsa wata tsohuwar bindigar iska ce, mai mariƙin katako a ƙarƙashin baki, wanda ake buɗewa a rufe, a buɗe a rufe, kamar pampon keke, har iska ta taru a cikinta.

Sirajo yana son bindigar nan, ko da yake da za a tsare shi ba zai iya faɗin me zai yi da ita ba. Ita kaɗai ce abin da ya taɓa ganin tsohon yana gogewa da hannun rigarsa. To amma Baba Danda, ƙanen marigayin, shi ma yana so.

"Bindigar gandu ce," in ji Baba Danda a zaure. "Tun muna noma tare da yaya aka sayo ta. Abin gandu kuwa, in babba ya tahi, ƙarami ke riƙewa."

Daga bayan zana Inna Zara'u, uwar Sirajo, ta ce, "Danda, ka ji tsoron Allah. Ina goyon Asiya aka kawo ta. Lokacin kun raba gandu, har kun yi faɗa kan jaki."

"Goyon Asiya ko goyon Rabilu?"

Inna ta ƙirga da yatsu. "Wanda dai ya yi ƙyanda."

"Ai dukansu sun yi, Inna," in ji Sirajo. Sai da maganar ta fita ya tuna shaidarsa ce yake rusawa.

Maganar ta koma kan shekarun bindiga. In ta girmi rabon gandu, ta Baba Danda ce. In ƙanwar rabon ce, ta Sirajo. Akwai rubutun Nasara da lambobi a jikin ƙarfen, amma tsatsa da gumin hannu sun cinye rabi. Sirajo ya ɗauki hoto da wayarsa ya tura wa wani abokinsa direba a Maradi, shi kuma ya watsa wa jama'arsa. Wani ya ce ta girmi samun ƴancin kai. Wani ya ce ƴar bayan nan ce, an dai wahalar da ita. Wani kuwa ya tambaya ko ta sayarwa ce. Sirajo ya ƙara shiga duhu fiye da kafin ya tambaya.

Da liman ya gaji da su, sai ya ce su koma ga al'adar gidansu. A gidan, ranar sadakar arba'in, ɗan mamaci yakan halba bindigar ubansa sama, don gari ya ji ba a rufe gidan mahalba ba. Kowane namiji na dangi sai ya jefa ɗan tsunkule na albarushi a ciki, ya sa hannunsa a albarka. In mata sun ji ƙarar daga bakin rijiya, bindiga ta magaji ce. In ta ƙi shi, sai ta koma hannun babba. Baba Danda ya yarda da saurin da ya kamata ya sa Sirajo tunani. Sai da Sirajo ya shiga ɗaki ya gwada ta ya gane dalili: mariƙin yana buɗewa yana rufewa salaf, kamar ƙofar da ba ta da sakata. Bindigar ba ta riƙe ko numfashi.

Ya naɗe ta cikin tsohon zanen matarsa Sa'adiya, ya hau moto sai Tasawa, wurin Bilal maƙeri. Bilal ya kwance ta, ya zaro wani siririn ƙarfe, a kansa da ɗan ƙoƙon fata da ya bushe ya tsage kamar ragowar kilishi.

"Ga ciwon," in ji Bilal. "Wannan ke tura iska. An bar ta ba mai."

"To shekarunta nawa?"

"Fata ce a ciki, ba roba ba. Tsohuwa ce."

"Tsohuwa kamar yaya?"

Bilal ya juya ta, ya leƙa bakin da ido ɗaya. "Ta girmi roba."

Matar Bilal, Tanna, ta yanka sabon ƙoƙo daga fatar akuya, ta matse shi a bakin kwalba har ya yi siffa. Sirajo ya kawo shawarar man gyaɗa, Tanna ta ce sai dai in yana son kiyashi su gaji bindigar. Aka jiƙa fatar da man keken ɗinkinsa. Da aka haɗa, mariƙin ya yi nauyi, yana tirjiya kamar rago a kasuwa.

Ana gobe sadaka, a bayan gida Sirajo ya gwada. Ya yi mata pampo kamar sau biyar, ya ja ɗan ƙarfen da ke ɗana ta, ya runtse ido, ya taɓa kunama. Ta ce "fat." Akuyar da ke tuƙa a gefe ba ta ko ɗaga kai ba. Ya ƙara ƴan kaɗan, ƙarar ta ɗan fi. Nan take ya gano ilimin bindigar gaba ɗaya: iska ita ce albarushi, yawanta shi ne ƙara. Da ya tuna kowane namiji na dangi zai sa hannu, sai ya ji sanyi a ransa.

Ranar sadaka, bayan an yi addu'a an raba waina, aka aika mata bakin rijiya su kasa kunne. Da yake babu albarushin jefawa, liman ya ce kowa ya yi pampo nasa. Sirajo ya fara, bai yi rowa ba. Ƙanensa Rabilu ya karɓa. Ƴaƴan baffanni suka karɓa, surukai suka karɓa, har wani baƙo daga Hawandawaki da ya zo gaisuwa kawai aka ce ya taɓa. Tun a tsakiyar layi mariƙin ya ƙi rufuwa sai an dafa da gwiwa. Na ƙarshe sai da mutum biyu suka danne. Sirajo yana kallo yana jin daɗi, har ya fara tausayin kunnuwan mutane.

Abin da babu wanda ya sani a wurin shi ne, irin wannan bindiga in aka cika ta fiye da kima, iskar ce ke danne ƴar ƙofar da za ta fita ta ciki, ƙarfen da ke bugun ƙofar ya kasa buɗe ta.

Sirajo ya ɗaga ta sama, ya gyara tsayuwa irin ta mahalba yadda yake zaton suna yi, ya ja.

"Ƙyas."

Mutane suka cire yatsu daga kunne. Ya sake ɗanawa, ya ja. Wata ƴar iska ta ce "tsit," kamar tsaki. Ya dubi bakin bindigar, ya dubi Rabilu, ya dubi sama. Jiya da iska kaɗan ta yi magana, yau da iskar dangi duka ta yi shiru. Ya sake, ya kuma sakewa, tsakin yana ɗan ƙara tsawo.

"Ko zare ya harɗe, tela?" in ji wani daga baya.

"Kawo nan, ɗana," in ji Baba Danda a hankali. "Ba laifinka ba ne. Ta mutu tare da mai ita."

Ya karɓa don ya nuna wa jama'a gawar. Ya ɗana da kyar, bakin yana kallon reshen bishiyar bedin ƙofar zaure, ya ja ba tare da ya ko tsaya daidai ba. Jan da Sirajo ya yi ta yi ya riga ya rage iskar daidai yadda ƙofar za ta buɗe. Ƙarar ta tsaga zaure, kurciyoyi suka watse, ganye ya zubo kan rawanin liman. Baba Danda da kansa ya faɗa zaune.

Can sai ga guɗa daga rijiya.

Aka shiga gardama. Rabilu ya ce iskar Sirajo ce a ƙasa, ita ta fito. Wani ya ce a'a, ta baƙon Hawandawaki ce a sama. Liman ya karkaɗe rawaninsa ya ce shi dai a hannun Danda ya ji ta yi magana, mata ma sun ji. Sirajo ya buɗe baki zai ce shi ya kai ta Tasawa, sai ya ga bai san ƙarshen maganar ba, ya rufe.

Da jama'a suka watse, Baba Danda ya zauna da bindigarsa a cinya, ya buɗe mariƙin zai ƙara jin daɗinta. Ya danna, ya danna da hannu biyu, ya sa haɓa. Mariƙin ya tsaya a rabi.

"Sirajo."

"Na'am, Baba."

"Tsuntsaye sun dame ni a gonar dawa. Gobe in ka yi sallah ka biyo, ka riƙa cika mani ita ina halbawa."

"Da ɗinki a gabana, Baba."

"Ɗinki ba ya tashi sama. Ka zo da man nan naka."

Sirajo ya ce to.