Lallaɓa da Injin Sassaƙa

Shekara talatin da bakwai Lallaɓa ya yi yana jan tirela, bai taɓa buga inji ba. Sunan ma daga nan ya samo shi, don ko hanya ta miƙe fetal ba ya taka mota. Da ido ya fara gazawa sai ya ajiye tuƙi, ya koma gidan babbar 'yarsa, ta ba shi ɗakin da ke jikin gareji. Wata shida yana zaune a bakin ƙofa yana kallon motocin mutane, yana ramewa.

Ita ce ta sayo masa ɗan injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda bai fi ƙaramin tebur girma ba. A ɗaure katako, a ba shi zane, moto ya juya wani baki na ƙarfe, bakin ya bi zanen yana ci. Sati uku tana koya masa. Dattijo kuwa ya murmure. Ya sassaƙa lambar gida, ya sassaƙa wa maƙwabta tasu, har abinci sai an yi ta kira.

Ana haka moto ya ƙone, hayaƙi ya turnuƙe garejin. 'Yar ta sa aka kawo sabo, amma ranar da aka ɗaura shi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, akwai yara a gidan nan, ga tukunyar gas a bayan bangon nan. In wannan ma ya ƙone, injin zai bar gidan."

"Na ji, Uwata."

Ya san ba ta magana biyu. Don haka ya ƙara kula, irin kular da ya sani. Ya mayar da gudun moto can ƙasa. Ya lafta gris a kan sandunan da injin ke zamewa. Ya sa bakin ya riƙa nutsawa da zurfi a tafi ɗaya, don kada inji ya wahala da kai da kawowa. Kwana goma, sai ga ƙaurin nan ya dawo. Ya taɓa moto, ya janye hannu ba shiri.

Da safe ya nufi shagon Mai Koyil a ƙarshen layi, wani gajeren tsoho mai naɗin fanka da injin ruwa, wanda ya ɗaure ƙafar tabaransa da jar waya. Mai Koyil ya biyo shi har gareji yana mita.

"Kunna in ji."

Moto ya ɗauki gurnani ƙasa-ƙasa, bakin yana barin baƙin shati a jikin katako. Mai Koyil ya kashe, ya shafo gris da yatsa. Garin katako ya cakuɗa da shi ya zama danƙo.

"Wannan kuma fa? Tirela ka ɗauke shi?"

"Ƙarfe ba ya ƙin mai."

"Kunna kuma. Kawo hannunka nan sama. Kana jin iska?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Fankar da ke sanyaya shi a jikin sandarsa take. In ya juya a hankali, ita ma a hankali. Kai a ganinka hutu kake ba shi, alhali shaƙe shi kake yi."

Lallaɓa ya gyara tsayuwa. "Ni za ka koya wa inji? Lokacin da nake hawa tudu da tan talatin kana ina?"

"Ina shago ina naɗa fankar da kake barci a ƙarƙashinta. To, tudun da wace giya kake hawa?"

"Ta ɗaya, ko ta biyu."

"Injin yana ihu?"

"Yana yi mana."

"In ka ɗora masa ta biyar, da lodi, yana gurnani irin wannan fa?"

Sau da yawa Lallaɓa ya zagi direbobi a kan wannan laifin, ashe shi yake tafkawa da hannunsa. Har moton farko, shi ya kashe abinsa.

Suka duƙa aiki. Suka kakkaɓe ƙurar da ta toshe kafofin iskar moto da buroshi. Suka goge gris tas da tsumma, suka ɗiga mai marar kauri. Suka cire bakin da ya dakushe suka sa sabo. Zurfin da yake yanka a tafi ɗaya suka raba shi uku.

"Kowace awa ka tsayar ka taɓa," in ji Mai Koyil. "In tafinka ya iya zama a kai, lafiya lau. Saura gudun. Ƙara."

Lallaɓa ya kama maɓallin ƙara gudu, hannun ya ƙi.

"Kai dai ka murɗa mini."

Mai Koyil ya kai hannuwansa baya. "Gobe ma ni zan zo in murɗa?"

Lallaɓa ya runtse ido ya murɗa. Moto ya callara ƙara, iska ta hura masa a wuyan hannu. Maimakon gari mai ƙauri, sai ga ƙananan ɓarɓashi farare suna tsalle.

Ranar Asabar 'yar tana gida. Ƙarar ce ta fito da ita, ko takalmi babu, ta nufi soket kai tsaye.

"Baba, me ka yi masa yake wannan ihun? Ƙonewa zai yi."

"Dakata, Uwata. Awa guda ke nan yana aiki." Ya tsayar da injin da kansa, ya jira bakin ya daina juyi. "Taɓa."

Ta ɗora bayan hannu a jikin moto kamar mai duba zazzaɓin yaro, sannan ta kifa tafin gaba ɗaya ta bar shi a nan. Ta sunkuya ta shaƙi iskar wurin. Lallaɓa bai iya kallonta ba, tsintsiya ya ɗauka yana share inda ya riga ya share.

"Ɗumi ne kawai," ta ce. "Wa ya gaya maka?"

"Mai Koyil. Ni ne mai laifin, har na farkon."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Zan sa a kawo abin kashe gobara a rataye a nan. Kuma a riƙa rufe ƙofar nan in yana aiki, kaina ciwo yake."

Ta fita. Lallaɓa ya jingine tsintsiya, ya tura ƙofa, ya ɗauko wani katako ya fara ɗaurewa.