Tumatirin Gwamnati a Setapak

Gwamnatin jihar su Mika'ilu ba ta taɓa ƙin kimiyya ba. Abin da ba ta amince da shi ba shi ne kimiyyar da ba a yanka mata ƙyalle ba. A ma'aikatar ilimi mai zurfi, aikin da ba a ƙaddamar a gaban manyan baƙi ba bai wanzu ba, kuma ba a sabunta tallafin abin da bai wanzu ba.

Mika'ilu malami ne a sashen aikin gona na jami'ar jiha. An turo shi Kuala Lumpur ya yi digiri na uku a kan tumatirin da zai iya 'ya'ya a tsakiyar bazara, lokacin da furen na gida ke zubewa, mata su koma miyar kauɗa. Ya haura shekara biyu yana haɗa iri da iri, fure bayan fure, da ɗan burushi. Da annoba ta sa aka rufe jami'a, ya loda tukwanen shukarsa a motar haya, ya jera su a barandar gidansa da ke unguwar Setapak, inda matarsa Hasanatu take shanya a da. Laima ta kashe wasu, sauran suka zubar da fure. Shuka ɗaya tak ta riƙe ɗa ɗaya, kore, bai fi ƙwan zabo ba. Idan ya nuna a jikin uwarsa, akwai iri, akwai digiri. Idan aka tsinke shi ɗanye, sai a koma farko, kuma babu mai biyan komawa farko.

Ana cikin haka Malam Haliru, daraktan tsare-tsare na ma'aikatar, ya bugo waya. Ya ce Kwamishina zai ƙaddamar da duk binciken da jiha ta ɗauki nauyi, kuma tun da jirage ba sa tashi, za a yi ta manhajar Zum ranar Alhamis. Ana buƙatar jan ƙyalle, da almakashi, da dattijo mai babbar riga wanda zai tsinki ɗan farko ya ɗanɗana a madadin gwamnati.

"Ranka ya daɗe, ɗanye ne," in ji Mika'ilu.

"Kafin Alhamis ai ya nuna."

"Da saura sosai, ranka ya daɗe."

"Dakta, an riga an buga katin gayyata."

Mika'ilu ya yi aikin gwamnati daidai gwargwado, ya san babu hujjar da ta taɓa rinjayar katin da aka riga aka buga.

Babbar riga ɗaya ce a benen gaba ɗaya, ta Alhaji Sirajo, maƙwabcinsu na ƙofa da ƙofa, mai sayar wa ɗalibai kuka da daddawa da kilishi. Daga bakin ƙofarsa ya saurari matsalar, takunkuminsa a haɓa.

"Boleh lah, in ji mutanen garin nan, wato mai yiwuwa ne, Dakta. Gwamnati ja take so, a ba ta ja. Kedai, shagon nan na ƙasa, a buɗe yake."

"Alhaji, ni ban taɓa ƙarya a bincike ba."

"Wa ya yi maganar bincike? Biki ake magana."

Mika'ilu ya juya zancen a ransa, ya ga akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa: ma'aikata ba ta karanta sakamakon bincike, jami'a kuma ba ta kallon biki. Alhaji ya sauka shagon, ya zaɓo jan tumatir mai sauran hanci. Hasanatu ta ɗaura shi a reshen gaba da koren zare, ta ja ganye ta lulluɓe na gaskiyar.

"In an sabunta tallafin, a sa sunana cikin masu binciken," in ji ta. "Wannan ɗin dai ni na haife shi."

Ranar Alhamis da la'asar, wato hantsi a gida, suka zauna jira. Kwamishina ya makara gwargwadon muƙaminsa. Aka buɗe da addu'a, aka gai da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba su zo ba, sannan Kwamishina ya bayyana cewa jiha ta shiga sahun ƙasashen da suka ci gaba. Alhaji Sirajo ya yanka ƙyallen da aka ɗaura tsakanin ƙarfen baranda da igiyar shanya, ya tsinko jan tumatirin, ya cusa zaren a tafin hannu, ya gatsa. Ya lumshe ido.

"Ranka ya daɗe, wannan ɗanɗanon fadamar gida ne."

Aka tafa a zauren ma'aikata. Mika'ilu ya fara sakin numfashi, sai ga iskar da ke riga ruwan yamma zuwa ta ɗaga ganyen.

Kwamishina ya matso da fuskarsa har ta cika allon. "Ashe akwai na biyu. Madalla. A tsinko shi a ajiye wa mai girma gwamna, in an buɗe hanya a kawo masa."

Alhaji Sirajo ya kusa awa guda yana gwamnati, kuma abin ya karɓe shi. Ya gyara hannun riga, ya ce, "An gama, ranka ya daɗe," ya miƙa hannu.

Mika'ilu ya san ba a musu da Kwamishina a gaban jama'a. Wanda ya gwada, takardunsa kan ɓace a tsakanin ofis da ofis. Sai ya cafke gefen babbar rigar Alhaji ta ƙasa, inda kyamara ba ta kai ba, ya sa babban yatsan ƙafarsa ya fizge wayar na'urar intanet da ke bakin ƙofar baranda. Kwamishina ya daskare da baki a buɗe, sannan ya ɓace.

Alhaji ya dubi hannunsa, ya dubi koren tumatirin, ya ja da baya. "Dakta, da ka bar ni, wallahi da na tsinka. Mulki ba dai daɗi ba."

Tun da suka tare a gidan, intanet bai taɓa yankewa ba, kuma Mika'ilu yana cikin tsara uzurin da zai bayar sai wayarsa ta yi ƙara. Malam Haliru ne.

"Dakta, ashe ku ma can haka kuke fama da netwok. Kwamishina ya ce a jajanta muku. Ya wuce ƙaddamar da rijiyar burtsatse. Ka kwantar da hankali, aikinka ya shiga."

An sabunta tallafin, jaridar ma'aikata ta fito da hoton tumatirin kedai a shafin farko. Na gaskiyar ya nuna a lokacinsa, ƙarami, mai ɗan tabo a gefe, wanda ba zai yi kyau a hoto ba. Mika'ilu ya tsaga shi, ya wanke irin, ya shanya a faranti a inuwa, ya hana kowa kunna fanka.

Lokaci lokaci Malam Haliru kan bugo ya tambayi ko tumatirin mai girma gwamna yana nan. Mika'ilu kan miƙa wayar ga Alhaji Sirajo, wakilin gwamnati, shi kuma ya tabbatar cewa yana nan lafiya lau, ko yau da safe ya gan shi a kedai na ƙasa.