Gammon Lurwanu

A shekarun da suka biyo bayan babban yaƙin Turawa, babu mai ɗaukar shibriyya a Makka da bai san Lurwanu ba. Shibriyya ɗan gado ne na katako da igiya. Ana ɗora tsoho ko marar lafiya a kai, ƙarti huɗu su ɗauka a ka, su yi masa ɗawafi da Safa da Marwa. Na gaba ta dama shi ke ba da ƙafa. In ya yi sauri a yi sauri, in ya tsaya a tsaya. Shekara goma sha tara Lurwanu na riƙe da wannan gurbi.

Daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan. Abokan tafiyarsa suka yi ta zama a hanya suna noman auduga. Shi bai taɓa kwana biyu a gari ɗaya da son ransa ba. Da ya iso, wani dattijo mai suna Tsoho ya sauke shi a unguwar Tandabawi, ya koya masa sana'ar, ya naɗa masa gammo da hannunsa, daga baya ya aura masa 'yarsa Shatu.

Da Lurwanu ya yi ƙarfi ya kafa doka biyu. Ta farko, wanda ke sama kaya ne, kaya kuwa ba ya magana. Ko alhaji ya yi ta roƙon a tafi a hankali, ba a kula shi. Ta biyu, duk wanda ƙafarsa ta yi nauyi, a gaban jama'a ake cire masa gammo a jefar, ya gama ɗauka ke nan. A kan Tsoho ya fara zartar da ita. Ranar da dattijon ya yi tuntuɓe a gindin Marwa, Lurwanu ya fizge gammonsa ya jefa a kwata.

Ya ce, "Baba, je ka zauna. Zama ya kama ka."

Tun ranar Tsoho ke zaune a bakin lungunsu kan buzu, yana naɗa gammo da tsummoki yana sayarwa. Lurwanu kan wuce shi safe da yamma, ba ya rage tafiya, sai dai ya jefa gaisuwa ta kafaɗa. Ba ƙin mutumin yake yi ba. Buzun ne ba ya son gani.

Ana saura wata guda aikin hajji gwiwarsa ta dama ta kumbura. Ya tafi wurin wani wanzami can unguwar Utaibiyya, inda ba a san shi sosai ba, aka yi masa lalas da ƙarfe mai zafi. Wanzamin ya ce ya kwanta kwana arba'in. Ya kwanta biyu. Ran na uku ya ɗaure gwiwar da igiya a ƙarƙashin wando.

Shatu ta tare ƙofa. "Malam, ciwon nan wari yake yi. Ka bar wa Ja'afaru gaba bana kawai."

"In na zauna, wa za a ce da ni?"

"Lurwanu mana."

"Lurwanu na gaban shibriyya. Wanda zai zauna a ɗakin nan ban san shi ba. Matsa."

Ja'afaru shi ne na bayansa ta dama, shekara takwas yana kallon ƙeyarsa. Katako ba ya ɓoye ɗingishi. Duk takun da na gaba ya karkace, a wuyan na baya yake sauka. A yini ɗaya Ja'afaru ya gane.

Suna shan shayi da azahar ya ce, "Mu'allim, wuyana ya ce in gaida gwiwarka."

Garba da Rabi'u, masu riƙe hagu, suka sunkuyar da kai suna dariya.

Lurwanu ya ce, "In wuyanka ya gaji, ga buzu can kusa da na Baba."

Don ya rufe musu baki sai ya ƙara sauri. Inda sauran ƙungiyoyi ke ɗaukar alhaji biyar a yini, shi ya ɗauki takwas.

Ran Alhamis da hantsi aka kawo musu wani tsohon alhaji mutumin Jawa ta ƙasar Indunusiya, ba nauyi, kamar damin kara. A lokacin hanyar Safa da Marwa kasuwa ce, kantuna hagu da dama, jama'a maƙil. Tsakanin korayen alamu biyu ake sassarfa, nan kuma Lurwanu ya yi suna. Masu kantuna kan ɗaga kai su ga wucewarsa yana faɗin "ɗarik, ɗarik," wato a ba da hanya, mutane na darewa.

Sau shida suka wuce lafiya. Alhajin na sama na cewa, "Shuwayya, shuwayya," wato a hankali, ba wanda ya rage sauri. A na bakwai, daidai tsakiyar alamun, igiyar gwiwa ta tsinke. Ƙafar ta lanƙwashe kamar ɗanyen kara. Shibriyya ta kife, alhajin ya gangara cikin buhunan wani mai sayar da lalle, ya tashi da koriyar ƙura har gira, yana salati. Bai ji ciwo ba. Wata ƙungiya ta ɗauke shi ta ƙarasa masa.

Lurwanu ya dafa ƙasa ya yunƙura. Ƙafar ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Gammon na nan a kansa, ya riƙe shi da hannu biyu.

Ja'afaru ya tsuguna, ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya ɗaga gammon sama yadda kowa zai gani, sannan ya jefa a kwata.

"Ku kama min shi," in ji Ja'afaru. "Gida za mu kai shi."

"Zan taka da ƙafata."

Suka ɗora shi a shibriyyar. Wani ɗan dako ya kama gurbin baya, Ja'afaru ya shiga gaba ta dama. Bai bi lungu ba. Ta tsakiyar kasuwa ya bi, yana taku ɗaya ɗaya kamar mai rakiyar gawa.

Lurwanu bai taɓa ganin Makka daga sama ba. Rawuna da huluna ne kawai ke wucewa a ƙasansa, a hankali.

Ya ce, "Ja'afaru, ɗaga ƙafa."

Takun bai canja ba.

"Don Allah, ƙanena. Ko sassarfa kaɗan."

Ja'afaru bai waiwayo ba. "Mu'allim, kaya ba ya magana."

Wani mai sayar da tasbaha, wanda shekara da shekaru yake ɗaga wa Lurwanu hannu, ya leƙo daga kantinsa. Ya dubi na kwance, ya dubi na gaba.

"Ya Ja'afar, yau kai ne a gaba? Wa kuka ɗauko?"

"Wani tsoho ne na unguwarmu."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji mai tasbaha, ya koma ciki.

Rana ta take tsaka kafin su isa Tandabawi. Labari ya riga su. A bakin lungu Tsoho na zaune da tsummokinsa. Kusa da shi Shatu ta shimfiɗa wani buzu, ta danne gefensa da dutse don iska.

Nan suka sauke shi. Tsoho bai dube shi ba. Ya tura masa tarin tsummoki da ƙafa.

"Fara da masu laushi," in ji shi. "Ja'afaru zai so sabon gammo gobe."