Sunan da Ke Kan Takardar

Yudelka ta ɗaure ɗamarar na'urar gano ƙarya a ƙirjin tsohon. Ta gwada 'yan sanda da manajojin banki a kan wannan kujera ba ta ji komai ba, amma yau dattijo Anselmo Peguero ne, mai jifan ƙwallon besbol da mahaifinta ke rufe shago don ya ji wasansa a rediyo.

Tun da allurar ƙarin ƙarfi ta zubar da mutuncin besbol, ƙungiyar lardin ta kafa doka: ba wanda za a kafa sunansa a Zauren Gwarzaye sai na'urar gano ƙarya ta wanke shi. Da yawa sun ce ba su da lafiya ranar gwajinsu. Shi ya zo tun kafin a buɗe ofis, da farar riga mai guga.

"Kar ki matse ni da yawa, 'yata, na cika ciki da ayaba da ƙwai."

"Yi haƙuri, Baba. Tambayar farko ta saita na'ura ce kawai. Sunanka Anselmo Peguero?"

"A'a."

Ta yi dariya. Sai ta dubi allo, layin yana kwance lumui, alamar gaskiya ya faɗa. Dariyar ta maƙale.

"Eleuterio nake," in ji shi. "Anselmo ƙanena ne. Masu farautar 'yan wasa ba sa kallon ɗan shekara sha tara, sun ce ya tsufa. Shi yana da sha shida. Uwarmu ta miƙo mini takardar haihuwarsa, shi kuma ya koma yankan rake da tawa. Da sunana aka binne shi bara."

Yudelka ta san dokar sarai: takardar bogi tana soke ɗan takara nan take. Ta rage murya.

"Baba, wannan tambayar ba ta shiga rahoto. Mu sake daga farko. Ka ce e, in layin ya motsa in ce tari ka yi."

"Ke da aka ɗauka ki kama maƙaryata? Kai, wannan ƙasa tamu!" Ya girgiza kai yana murmushi. "Ci gaba da aikinki."

Ta ci gaba. Allura? A'a. Ƙwaya? A'a. Ko sau ɗaya, lokacin da kafaɗarsa ta lalace? A'a. Shekara goma sha bakwai yana jifa cikin mutanen da damatsansu suka kumbura kamar buhun shinkafa, layin bai ko girgiza ba. Ba ta taɓa ganin sakamako mai tsabta irin wannan ba, kuma sai ta ji kamar ta yi kuka.

"Wane suna zan sa a sama?" ta tambaya. "Ka sani fa, in na sa naka, an gama maganar zaure."

"Na sani."

Ta buga, na'urar ta fito da takarda biyu. Ɗaya ta kwamitin zaure. Ɗayar ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta a hankali, leɓensa na motsi: Eleuterio Peguero, bai taɓa shan komai ba.

A duk littattafan ƙungiyar babu inda wannan mutumin ya taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun ƙirji, ya tambaye ta inda ake shiga motar maƙabartar da ƙanensa ke kwance.