Kofin Baba Magini

"Kowa ya ajiye bokitinsa," in ji Baba Magini, maƙwabcinmu, yana tsaye a bakin tankin ƙasa da ya gina wa layinmu tun yana da ƙarfinsa. Tun da aka jawo mana famfo aka rufe tankin da ruwansa a ciki, shekara da shekaru. Yanzu famfo ya ƙafe, muka ɗaga murfi, sai ga ruwa garau har ana hango siminti.

"Baba, wannan ai ya fi na famfo kyau," na ce, ina gyara goyona.

"A ido ba, 'yata. Ni ban taɓa miƙa wa mutane tanki ban fara sha ba. Ku ba cikina kwana biyu."

Ya ɗebi kofi guda ya shanye, ya datse murfin da kwaɗo. Ranar ya sha zagi a bayan ido, har da bakina a ciki. Muka koma ɗebo ruwa daga nesa, muna cewa rigimar tsufa ce.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da shi. 'Yarsa, ma'aikaciyar asibiti, ta kai ruwan aka auna. Ta same mu a ƙofar ɗakinsa, idonta jawur.

"Akwai ƙwayoyin cuta a ciki."

"To me suke ci a ruwan da ko tsinke babu?" in ji mijina.

"Lafewa suke yi da yunwarsu, shekaru, sai sun samu jikin mutum."

Na shafa ƙafar ɗan da ke bayana.

Daga kan gado Baba ya ce a kawo yashi a cike tankin.

"A wanke dai, Baba, aikin hannunka ne fa," in ji mijina.

"Ni na gina, ni na ce a cike. In ba na nan wani zai leƙa ya ce ya yi kyau."

Muka fito da shi a kujera, lulluɓe da bargo. Numfashi da ƙyar, amma sai da ya yi wa matasa faɗa, wai ba su iya riƙe shebur ba. Washegari da hantsi Baba ya cika.

Har gobe in aka ambace shi sai na ce maƙwabcina ne, katanga ɗaya, kuma da alfahari nake faɗa. Ranar da yamma, da masu gaisuwa suka watse, na fito na tarar da yaran layinmu zaune a kan sauran yashin, suna gina ɗakuna da tafin hannu.